Ɗan bod ɗin XL4015 mai daidaita wutar ƙwan LED da na saka wa fitilar shagon ɗinki na a Bauchi

Jama'a ni tela ne, shago na yana nan cikin garin Bauchi, kuma duk wanda ya san aikin mu ya san cewa daga an shiga goman ƙarshe na azumi babu maganar barci, daga an idar da asham mutum yana kan keke har a fara kiran sahur. Abin da ya fi damu na a wannan lokacin haske ne. Wuta ba ta da tabbas, janareta kuma ga kuɗin fetur ga ƙara ga hayaƙi, sai na koma kan ɗan fanel ɗin sola da batir mai bolt 12 da nake da shi. Ƙananan ƙwayayen nan na DC da ake rataya wa sun isa a ga fuskar mutum, amma ka ɗora baƙin zare a kan shadda mai ruwan bula mai duhu da ƙarfe biyun dare ka gani, wallahi idonka sai ya yi ruwa, da safe kuma ka tarar kalmasa ta karkace dole ka farke.

Shi ya sa na sayi ƙwan LED mai ƙarfi, irin mai faɗin nan ɗan murabba'i mai ruwan ƙwai a tsakiya, an rubuta wat 10, bolt 9 zuwa 12. Na ce to ai batir na ma 12 ne, na jona kai tsaye. Hasken da ya bayar a daren farko har maƙwabci na mai shayi sai da ya leƙo. Kwana uku ya yi ya fara ƙyaftawa ya mutu. Na sayi na biyu, shi da rana na gwada shi lokacin da sola ke caji, ko minti goma bai kai ba na ji ƙauri, tsakiyar nan mai ruwan ƙwai ta yi baƙi. Na uku na ɗaura shi a jikin wani gwangwani don ya sha iska, ya ɗan jima, amma layi ɗaya a cikinsa ya fara mutuwa, bayan kwana biyu sauran suka bi shi.

A zuciya ta na riga na yanke cewa jabu aka sayar min, da wannan fushin na koma wajen masu kayan lantarki ta ɓangaren Wunti. Ban koma inda na saya ba, wani shago na shiga na wani dattijo da ke sayar da kayan gyaran rediyo da inbata, shagon ƙarami ne, ɗurowa-ɗurowa har sama, kowace an liƙa mata takarda da lamba. Na zube mishi gawarwakin ƙwayayen a kan tebur. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ce "Ɗana, da me ka ba shi wuta?" Na ce Baba da batir mana, 12 aka rubuta. Ya ce "To ba jabu ba ne, kai ka kashe su, amma ba laifinka ba ne don wanda ya sayar maka bai gaya maka ba."

Bayanin da ya min shi ne abin da ya sa nake wannan rubutun, don na san akwai irina da yawa. Ƙwan LED ba kamar tsohon ƙwan nan mai zare ba ne da za ka ba shi boltej ɗinsa ya ja abin da ya ishe shi ya tsaya. Shi LED bai san ƙoshi ba. A cikin mai wat 10 ɗin nan ƙananan ƙwayaye tara ne, uku-uku a jere layi uku, kowane ɗaya yana son bolt 3 da ɗan wani abu, jimla wajen bolt 10, kuma karant ɗin da aka yi shi ya ɗauka, wato yawan wutar da ke bi ta cikinsa, bai wuce kamar miliamf 900 ba. In ka ƙara mishi rabin bolt kawai a kan haka, karant ɗin da zai ja ba ɗan kaɗan zai ƙaru ba, tsalle zai yi. Batir kuma da muke cewa 12, in ya cika yana wajen 12.7, in sola na caji yana hawa har 14.4. Sannan ga babbar matsalar, in LED ya yi zafi boltej ɗin da yake buƙata sauka yake yi, sai ya ƙara jan karant, sai ya ƙara zafi, sai ya ƙara ja, haka har ya ƙone kansa. Don haka abin da ake tsare mishi karant ne, a ce ga iya abin da za ka sha, boltej kuma ya daidaita kansa. Abin da ke yin wannan aikin shi suke kira direba.

Baban ya fara nuna min hanya mafi araha, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, LM317, da rezista guda ɗaya, shi ke nan. Shi wannan abin ɗabi'arsa ita ce kullum yana riƙe bolt 1.25 tsakanin ƙafarsa ta tsakiya da ta hagu, in ka fuskanci rubutun. To in ka sa rezista a tsakanin su, ka ɗauki wayar da za ta je wa ƙwan daga ƙafar hagun, karant ɗin zai zama 1.25 a raba da lambar rezistan. Rezista mai om 1.8 zai ba ka kusan miliamf 700, mai om 3.9 zai ba ka wajen 320, daidai ƙananan nan masu wat 1. Rezistan ya zama babba mai wat 2 don yana ɗumi. A gaba na ya haɗa, ya sa mita, lamba ta tsaya cak ba ta motsi. Amma shi da kansa ya ce ba zai min amfani a kan ƙwai na ba, saboda LM317 yana cinye wajen bolt 3 kafin ya miƙa saura, ƙwan na son 10, ka ga sai an samu 13, batir na kuma da dare bai kai haka ba, haske zai dushe. Duk da haka na saya na haɗa wa ƙananan ƙwayaye biyu masu wat 3 a jere na rataya a ƙofar shago. Yana aiki har yau, sai dai zafi, don ƙwayayen suna shan bolt 6 da rabi ne, sauran bolt 6 ɗin duk zafi yake zama, sama da wat 4 yana tafiya a banza, kusan rabin abin da ya fito daga batir kenan. Ga mai ƙaramin batir wannan asara ce.

Sai ya jawo wata ɗurowa ya fito da wanda nake magana a kai. Ɗan bod ne, tsawonsa bai kai ɗan yatsa na manuni ba, akwai zagayayyen koyil da aka naɗe da jar waya, da kafasito biyu, da wasu shuɗayen akwatuna biyu masu ɗan sukurun tagulla a kai, a tsakiya ga cif ɗin an rubuta XL4015. Kuɗinsa a lokacin bai kai abin da na yi asara a ƙwayaye ukun nan ba. A lura da kyau, akwai mai sukuru ɗaya akwai mai biyu, sun yi kama sosai. Mai ɗaya boltej kawai yake saitawa, ba shi muke nema ba. Mai biyu shi ne ɗaya na boltej ɗaya na karant, za ka ga an sa CV da CC a kusa da su ko a bayan bod ɗin.

Bambancinsa da LM317 shi ne shi ba ya ƙona rarar wutar. Kunnawa da kashewa yake yi da sauri, sau dubu 180 a daƙiƙa ɗaya, koyil ɗin yana ajiye wuta yana sakewa, sai ka ga kusan duk abin da ya karɓa ya miƙa wa ƙwan. Na auna da kai na, ƙwan yana shan miliamf 700 a kusan bolt 10, wato wat 7 kenan, daga batir kuma abin da ke fita bai kai miliamf 700 ɗin ba ma. Bod ɗin kansa in ka taɓa ɗumi-ɗumi ne kawai ko bayan awa shida.

Wajen saitawa ne ake shan wahala, kuma nan ne nake ganin mutane da yawa za su ce abin ba ya aiki su jefar. Ni ma ranar farko na jona shi da batir ba tare da ƙwai ba, na sa mita a bakin fita, na ga boltej ɗin kusan daidai da na batir. Na murɗa sukurun CV baya sau uku, shiru. Sau biyar, shiru. Na kira Baban a waya na ce wannan matacce ne, ya ce "Ci gaba da murɗawa ɗana, kar ka gaji." Sai da na wuce zagaye goma sannan lamba ta fara sauka. Ashe sukurun mai zagaye da yawa ne kuma daga kamfani a can sama yake zuwa. Na tsayar da shi a bolt 11. Daga nan na murɗa na CC baya sosai, na mayar da mita wajen auna karant, jar wayar mita a ramin 10A, na taɓa bakin fita biyun kai tsaye da wayoyin mita. Abin yana da ban tsoro don kamar ka haɗa ja da baƙi ne, amma aikin bod ɗin kenan, zai tsare karant ɗin. Ina kallo ina murɗawa a hankali har ta nuna amf 0.70, wato miliamf 700, na tsaya. Na cire batir, na jona ƙwai, sannan na mayar da batir. Na zaɓi 700 maimakon 900 da gangan, a ido bambancin hasken kaɗan ne, amma zafin ya ragu sosai, kuma kowa ya san zafin garin nan a watan Maris da Afrilu, ga shago mai rufin kwano.

Wanda ba shi da mita don Allah kar ya saita da ido. Ka ara, ko ka kai wa mai gyaran rediyo ya saita maka, aikin minti biyar ne. Kuma kar ka kalli ƙwan kai tsaye lokacin da ya kama, zai bar maka tabo a ido na ɗan lokaci.

Shi direba yana tsare karant ne kawai, zafi kuma aikinka ne. Wat 7 a wuri kamar farcen babban yatsa ba wasa ba ne. Na samo ƙarfen alminiyam mai haƙora-haƙora na tsohuwar kwamfuta a wajen masu gyara, na huda ramuka biyu, na shafa farin man nan da ake sa wa a bayan furosesa, siriri kawai, na ɗaure ƙwan da sukuru. Gwajin da nake yi shi ne bayan awa ɗaya na ɗora yatsa a kan ƙarfen, in zan iya barinsa ina ƙirge har goma to lafiya. Ƙwan nan na uku da na ɗaura a gwangwani a baya, gwangwanin siriri ne ba ya ɗaukar zafi, ga shi babu man, shi ya sa bai tsira ba.

Yanzu fitilu biyu ne a saman kekuna, kowace da bod ɗinta. Baban ya hana ni ɗora ƙwai biyu gefe da gefe a kan bod ɗaya, ya ce ba za su raba karant daidai ba, wanda ya fi zafi zai fi ja, in kuma ɗaya ya yanke to ɗayan zai shanye na mutum biyu. Azumin da ya wuce da su muka yi aiki ni da yara na biyu, kullum daga magariba har sahur, ko sau ɗaya ba su ƙyafta ba. Abin da ya fi burge ni shi ne hasken ba ya sauyawa, da rana sola na caji ko da tsakar dare batir ya fara sauka, iri ɗaya ne. Akwai daren da nake zubin aikin wuya a kan wata baƙar shadda, zaren ma baƙi, ina ganin kowane ɗinki ɗaya bayan ɗaya har da inuwar allura a kan yadin, yaro na da ke kan ɗayan keken ya ce "Oga yau ko tocilar waya ban kunna ba." Da can sai ya riƙe waya a baki yana haska ƙafar keke.

Amma fa akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma dole na faɗa.

Bod ɗin ba shi da kariya in ka juya waya. Guda uku na saya, ɗaya yaro ya jona ja a wajen baƙi da daddare, ɗan tas muka ji da ƙauri, shi ke nan ya tafi. Tun daga nan na sa fiyus mai amf 2 a kan jar wayar da ke zuwa daga batir, na kuma sa fulogi wanda ba ya shiga a juye. Sannan baƙar wayar shiga da baƙar wayar fita ba ɗaya ba ne ko da yake duk mainos ne, akwai ɗan rezistan da bod ɗin ke auna karant da shi a tsakanin su, in ka haɗe su waje ɗaya don tsimin waya ka tsallake shi, tsaron karant ya tashi aiki, ƙwan zai ƙone kamar babu direba. Wannan babu inda aka rubuta, babu takarda ko ɗaya a cikin ledar, da Baban bai faɗa min ba da na yi. Makunni ma a ɓangaren batir ake sa shi, kar a sa tsakanin bod da ƙwai, don kafasiton bakin fita yana cika ya tsaya, in ka jona ƙwai a lokacin sai ya juye mishi gaba ɗaya.

Wani abin kuma bai san tausayin batir ba. Zai ci gaba da ja har batir ya yi ƙasa sosai, kuma batir mai ruwa in ana yawan kai shi ƙasa da bolt 12 ba ya daɗewa. Alamar da zai ba ka kawai ita ce in batir ya sauko kusa da 11 haske zai fara raguwa, don shi rage boltej yake yi ba ya ƙarawa, dole abin da ke shiga ya fi abin da ke fita da kamar bolt ɗaya ko fiye, to kafin ka ga wannan alamar an riga an wahalar da batir. Ni na ɗauki wutar daga bakin da ke da hoton ƙwai a jikin kwantirolan sola, shi yana yankewa da kansa.

An rubuta yana ɗaukar amf 5. Ni ban kai shi can ba kuma ba zan kai ba, na gwada shi da wajen amf 2 da rabi na ɗan lokaci na ji cif ɗin da koyil sun ɗau zafi sosai. A amf 1 zuwa ƙasa dai hankali kwance. Haka kuma ni mai jin rediyo ne a bakin aiki, in na kama gajeren zango rediyon na kusa da bod ɗin sai ka ji zzzz a ƙarƙashin magana, sai da na matsar da rediyon can bakin taga. Tashoshin FM ban ji komai ba. Ga shi tsirara yake zuwa babu gida, a shagon tela kuma ga burbushin zare ga fil ga ƙurar hunturu, fil ɗaya ya faɗa kai ya isa. Na saka kowanne a robar man shafawa da na huhhuda, na ɗiga jan farce a kan sukurun biyu don girgizar keke kar ta motsa su.

Daga baya wani yaro da ke koyon gyaran inbata a layin mu ya haɗa min wani direba na hannu don mu gwada, da mosfet, wato wani babban taransisto, mai lamba IRFZ44N da ya cire a tsohuwar inbata, da ƙaramin taransisto C945, da rezista 100k zuwa ƙafar get, da wani mai om 1 wat 2 a ƙasa. In wutar da ke kan rezistan ƙasan ta kai wajen bolt 0.6 sai ƙaramin taransiston ya fara shaƙe mosfet ɗin, karant ya tsaya a kusan miliamf 600. Gaskiya ya burge ni, kusan kyauta ne, ba ya damun rediyo, kuma ba ya cin bolt 3 kamar LM317 don haka yana tafiya da ƙwan wat 10 a kan batir lafiya lau. Sai dai shi ma rarar zafi take zama, da dare wajen wat ɗaya da rabi, da rana in ana caji ya doshi 3, dole mosfet ɗin ya samu nashi ƙarfen. Wanda ya iya riƙe ayan ɗin dalma kuma kuɗi sun yi mishi kaɗan, wannan ya ishe shi, shi na sa a ɗakin guga. A saman keke dai inda fitila ke kwana a kunne na fi yarda da XL4015.

Ga 'yan uwa na teloli, in za ku sayi ƙwan ku duba launin hasken. Farin LED a asali shuɗi ne, ruwan ƙwan nan da aka shafa a kai shi ke mayar da shi fari. Mai lamba 6500K fari ne tas mai ɗan shuɗi-shuɗi, yana da kaifi wajen ganin ɗinki amma ya taɓa ruɗa ta wajen zaɓen zare, na ɗauko wanda na ga ya dace da yadi, da gari ya waye na ga sun ɗan saɓa. Yanzu zare da rana nake zaɓa a bakin ƙofa na ajiye, da dare ɗinki kawai.

Shagon Baban kuwa kayansa sun ɗan fi na wasu tsada kaɗan, kuma ba ya sauri, in akwai mutane gabanka za ka tsaya, don kowa sai ya tambaye shi me zai yi da abin kafin ya ba shi. Bod ɗin da muka ƙona na gaya mishi gaskiya mu muka juya waya, bai canza min ba kuma ban nema ba, amma ya karɓa ya cire shuɗayen sukurun da koyil ɗin ya ba ni a leda ya ce na ajiye za su yi amfani. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma na ɗauko guda biyu, maƙwabci na mai shayi ya kawo batir ɗinsa tun jiya yana so a haɗa mishi ɗaya a saman teburin burodi.